Rigakafi, Sauƙi ko Waraka? Tarken Rubuce-rubuce a Kan Itatuwan Maganin Gyambon Ciki, da Misalai Daga Illela

1.0 GABATARWA



Duk wanda ya saba duba mujallun kimiyya, ko kundayen digiri na sassan nazarin sinadarai da harhaɗa magunguna a jami'o'inmu, ya san cewa da wuya shekara ta wuce ba a sami wani ya gwada ganye ko saiwa ko sassaƙen wani itace a kan ɓeraye ba, sa'an nan ya ba da rahoto cewa itacen yana kare tumbi daga gyambo. An yi wa sabara haka, an yi wa bagaruwa da hano da zogale da darbejiya. Galibin waɗannan rahotanni kuwa da magana ɗaya suke rufewa, watau wai sakamakon gwajin ya gaskata amfanin da masu maganin gargajiya ke yi da itacen.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi tarken wannan magana, ta auna ta da abin da aka gwada a haƙiƙa. Ra'ayina shi ne, tsakanin bakin mai magani da alƙalamin mai bincike akwai kalmomi guda uku da suka cakuɗe, watau rigakafi da sauƙi da waraka. Bahaushe ya bambanta su tun fil azal, amma rubuce-rubucen da ake yi a kan magungunansa sun mayar da su abu ɗaya. Wannan ya sa na ga cewa mu masu nazarin harshe da al'ada muna da ta cewa a nan, ko da yake ba mu ne ke riƙe da kwalaben gwaji ba. Zan ɗauko misalaina daga Illela, domin a can ne na fi ganin inda wannan cakuɗa ke kai mutane.

2.0 ILLELA DA CINIKIN MAGANIN OLSA

Illela hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jihar Sakkwato, tana kimanin kilomita 85 arewa da birnin Sakkwato, a bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Da an tsallaka iyaka sai Birnin Ƙonni. Kasuwar Illela tana ci ranar Lahadi, ta Ƙonni kuwa ranar Laraba, kuma karar Illela tana cikin manyan wuraren da ake lodin shanu da raƙuma da tumaki zuwa kudancin ƙasar nan. Inda duk aka tara mutane haka, to ba a rasa masu magani. Akwai 'yan magori da shimfiɗunsu na sassaƙe da sauyoyi, akwai Fulani da Buzaye da ke sauko da ƙulle-ƙulle daga arewa, akwai kuma na zamani masu mota da lasifika, waɗanda ke sayar da gari a leda ko jiƙo a gora. Cikin cututtukan da lasifikar nan ke lissafawa, da wuya a ambaci uku ba a sa olsa ba.

A gefe guda kuma ga masu tallar ƙwayoyi a faranti da akwati, waɗanda ke sayar wa 'yan dako da direbobi da masu lodi maganin ciwon jiki, irin su asfirin da ibufurofen da dikulofenak. Waɗannan sana'o'i biyu suna maƙwabtaka a kasuwa, kuma sau da yawa abokin cinikinsu ɗaya ne.

Wani ɗan'uwana da ke lodin shanu a kara ya shafe wajen shekara biyu yana haɗiyar ƙwayar ciwon jiki kusan kowane dare, sau da yawa ba tare da ya ci komai ba. Da ƙirjinsa ya fara zafi sai ya kama shan wani jiƙo na maganin olsa, kuma bisa gaskiya yakan ji dama in ya sha. Ya ga bayan gidansa ya koma baƙi, bai ɗauke shi bakin komai ba, sai ran da ya yi aman jini aka kwashe shi zuwa Sakkwato, aka yi masa ƙarin jini, Allah ya sa da sauran kwana. Mai jiƙon bai yi masa ƙarya ba da ya ce zai sami sauƙi, domin ya samu. Sai dai sauƙin ne ya hana shi neman waraka. Ba kuwa wanda ya taɓa tambayarsa game da ƙwayar da yake haɗiya. Da irin wannan mutum ya kamata a riƙa auna duk wani rubutu da aka yi a kan maganin gyambon ciki.

3.0 ABIN DA AKA SANI GAME DA CUTAR

Gyambon ciki, a ma'anar likita, rauni ne da ke cin bangon tumbi ko na bakin ƙaramin hanji har ya yi zurfi. Tumbi yana fitar da ruwan asid mai ƙarfi domin narka abinci, yana kuma kare kansa da wani yauƙi da ke shafe bangonsa, da gudanar jini, da wasu sinadarai na jiki da ake kira furostagilandin. In kariyar ta raunana, sai asid ya ci naman.

An daɗe ana ɗora laifin a kan yawan asid da damuwa da yaji. Bisa wannan fahimta aka fito da simetidin a 1976, da omefirazol a 1988, waɗanda ke rage asid. Suna warkar da gyambon, amma in an daina sha, mafi yawan majinyata yakan dawo musu cikin shekara guda. A 1982 ne wasu likitoci biyu na birnin Perth a Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka yi nasarar rainon wata ƙwayar cuta da ke zaune a tumbi, wadda daga baya aka raɗa wa suna Helicobacter pylori. A 1984 Marshall ya sha ruwan da ke ɗauke da ita don ya nuna tana sa kumburin tumbi, a 2005 kuma aka ba su kyautar Nobel. Tun daga nan ya tabbata cewa manyan musabbaban gyambon ciki biyu ne: wannan ƙwayar cuta, da kuma magungunan kashe ciwo dangin asfirin, waɗanda ke hana jiki yin furostagilandin. In an kashe ƙwayar cutar da haɗin magunguna na kwana goma zuwa sha huɗu, da wuya gyambon ya dawo. A 1994 kuma hukumar binciken ciwon daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo dajin tumbi.

Abin ya shafe mu ƙwarai, domin binciken da Holcombe da abokan aikinsa suka yi a yankin Maiduguri, wanda aka buga a 1992, ya sami alamar ƙwayar a jinin kimanin kashi 85 cikin ɗari na mutanen da aka gwada, kuma yawanci tun suna yara suka kamu. Amma akasarin masu ɗauke da ita ba su yin gyambo. Haka nan kuma, in aka zura na'urar leƙa ciki ga masu kukan zafin ƙirji da ciwon ciki, waɗanda ake samu da gyambo na haƙiƙa su ne 'yan kaɗan.

To, a nan ne matsalar harshe ta fara. Abin da mutumin Illela ke kira olsa ya haɗa ƙwarnafi da kumburin ciki da zafin ƙirji da murɗar yunwa da gyambon kansa, har ma da dajin tumbi a farkonsa. Mutane da yawa su ne suka yanke wa kansu hukuncin cewa suna da ita. Ana kuma cewa yunwa ce ke kawo ta, dalili kuwa shi ne gyambon bakin hanji ya fi tashi in ciki ba komai, ya lafa in an ci abinci. Yunwa tana tayar da ciwon, amma ba ita ta haƙa ramin ba.

4.0 RUBUCE-RUBUCEN DA AKE TARKE

Ba yau aka fara rubutu a kan magani a ƙasar Sakkwato ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya bar rubuce-rubuce da Larabci a wannan fanni, ciki har da wanda ya yi a kan basur da wanda ya yi a kan filasko. Amma waɗanda ake kafa hujja da su a mujallun kimiyya na yau sun kasu gida uku.

4.1 Masu Tattara Sunaye

Jagoran wannan rukuni shi ne J. M. Dalziel, likita ɗan Sikotilan da ya yi aiki a Nijeriya ta Arewa. Ya buga A Hausa Botanical Vocabulary a 1916, da The Useful Plants of West Tropical Africa a 1937, wanda H. M. Burkill ya faɗaɗa daga 1985. Saboda hidimarsa ne aka sa wa hano sunan kimiyya Boswellia dalzielii. A ɗaya ɓangaren iyaka kuma akwai aikin Adam da Echard da Lescot na 1972 a kan tsirran magani na Hausawan Adar, da na Adjanohoun da jama'arsa na 1980 a kan Nijar baki ɗaya. Aikin Adar ɗin ya fi kowanne kusa da Illela, ta fuskar ƙasa da karin harshe da irin itatuwan da ke tsirowa, amma saboda da Faransanci yake, da wuya a ga ɗalibanmu sun waiwaye shi. Iyakar da ba ta hana sassaƙe wucewa ba ta hana littafi.

Lalle waɗannan mutane sun cancanci yabo, domin ba don su ba da sunaye da yawa sun salwanta. Rauninsu shi ne tsarin jeri: ga sunan itace, ga sunan cuta a gabansa da Turanci ko Faransanci. A irin wannan jeri ba kasafai ake samun cikakken bayanin yadda mai magani ya gane cutar ba, ko yawan abin da ake sha, ko tsawon kwanakin sha, ko abin da ake hana majinyaci ci. Kalmar da Bahaushe ya furta ma sau da yawa ba ta nan, sai fassararta. Mai bincike na yau kuma sai ya tarar an rubuta ciwon ciki, ya karanta shi a matsayin gyambon ciki, ya gina gwajinsa a kai.

Sunayen itatuwan su ma suna da tarko. Kalgo suna ne na itatuwa biyu 'yan'uwan juna, Piliostigma reticulatum da Piliostigma thonningii. Bagaruwar da majema ke jima da ita daban, bagaruwar ƙasa daban, bagaruwar Makka kuwa wani suna ne na zogale. Itacen da wani ke kira darbejiya, wani dogon yaro yake ce masa. Kama da wane ba ta wane. In haka ne ga itacen da ke tsaye da ganyensa, to ina ga garin da aka daka aka ƙulla a leda?

4.2 Masu Nazarin Al'ada

Rukuni na biyu su ne waɗanda suka zauna cikin jama'a. Lewis Wall ya yi zama a wani ƙauye na ƙasar Malumfashi, ya buga Hausa Medicine a 1988. Nina Etkin da Paul Ross kuma sun yi nasu a wani ƙauye na ƙasar Kano, suka buga maƙala a 1982 wadda ta nuna cewa da yawa daga tsirran da Hausawa ke maganin cututtukan ciki da su, abinci ne kuma a wurinsu, saboda haka yawan abin da ke shiga jiki ta tukunya ya fi wanda ke shiga ta hannun boka.

A ganina wannan ita ce magana mafi nauyi da aka yi a fannin, ita ce kuma aka fi yin watsi da ita. Kuka da kuɓewa da lalo da karkashi duk miyar yauƙi ce, yauƙi kuwa yana cikin abubuwan da ake kyautata zaton suna lulluɓe bangon tumbi. A 2004 wasu masu bincike a Jamus sun nuna cewa ruwan ɗanyar kuɓewa yana hana Helicobacter manne wa yankin naman tumbin mutum a ɗakin gwaji. Wannan bai nuna cewa miyar kuɓewa magani ce ba, amma ya nuna inda ya kamata a duba. Mu kuwa mun bar abin da mutane ke ci kullum, mun tafi neman saiwar da ake sha sau ɗaya a shekara. Iyakar wannan rukuni ita ce, aikinsu bayyana abin da jama'a ke yi ne, ba su ɗauki nauyin tabbatar da ko majinyaci ya warke ba.

4.3 Masu Ɗakin Gwaji

Rukuni na uku su ne suka fi yawa, su ne kuma mutane suka fi jin tsoron yi wa gardama, saboda alkaluma da jadawali. Ya kamata mahalarta su san yadda gwajin da aka fi yi yake. Akan hana ɓeraye abinci kamar kwana ɗaya. Sai a ɗura wa wasu tataccen ruwan itacen, wasu maganin asibiti, wasu ruwa zalla. Bayan rabin sa'a ko sa'a guda sai a ɗura musu barasa tsantsa, ko wani magani dangin asfirin mai yawa. Bayan ɗan lokaci a yanka su, a buɗe tumbin, a ƙirga ƙunar da ta fito. In ƙunar waɗanda suka sha itacen ba ta kai ta 'yan ruwa zalla ba, sai a ce itacen yana da kariya.

Misali mai kyau shi ne aikin Aniagu da abokansa na Cibiyar Binciken Magunguna ta Ƙasa da ke Abuja, wanda aka buga a 2005, inda suka nuna cewa ruwan saiwar sabara yana rage zawo, yana kuma rage ƙunar da barasa ke yi wa tumbin ɓera. Aiki ne mai tsabta, kuma kariya suka ce sun gani, ba su ce waraka ba. Akwai kuma dalili na kimiyya da zai sa a sami irin wannan sakamako. Sabara da bagaruwa da marke da kalgo suna da sinadarin tanin, wanda shi ne ke kawo baurin da ake ji a baki. Yadda bagaruwa ke kama fata a majema ta ƙarfafa ta, haka tanin ke kama saman naman tumbi ya yi masa 'yar fata. Akwai kuma dangin filabonoid, waɗanda ke rage kumburi.

Duk da haka akwai abubuwa huɗu da ke hana a ɗauki wannan gwaji a matsayin shaidar maganin olsa.

Na farko, an ba ɓeran magani kafin rauni. Wanda ya zo wurin ɗan magori kuwa da ciwonsa ya zo, wataƙila na shekaru. Akwai gwajin da aka ƙirƙiro a Japan a 1969, wanda ake yi wa ɓera gyambo mai zurfi sa'an nan a yi kwanaki ana ba shi magani a ga ko zai cike, amma da yake ya fi wuya da tsada, ba shi aka fi yi ba.

Na biyu, ƙunar barasa ta sa'a ɗaya ba ta da Helicobacter a cikinta. Gwajin da ya tsallake babban musabbabin cuta ba zai ba da labarin warkar da ita ba.

Na uku, gwajin yana da sauƙin ci. André Robert, wanda ya shahara da wannan hanya tun 1979, shi da kansa ya nuna a 1983 cewa in aka fara ba ɓera wani abu mai ɗan tsikarar tumbi, kamar ruwan gishiri ko barasa da aka sirka, to tumbin yakan ɗaura ɗamara ya jure wa barasa tsantsa da za ta biyo baya. Jarrabawar da ruwan gishiri ke ci, ba abin alfahari ba ne don sabara ta ci ta.

Na huɗu, abin da aka gwada sau da yawa ba shi ake sha ba. A ɗakin gwaji akan tace sinadarin, wani lokaci da ruwan metanol, a auna shi da miligiram bisa nauyin ɓera. A Illela kuwa ganye ne ko gari, a jiƙa ko a dafa da jar kanwa, ko a dama a kunu ko nono, ma'auninsa cokali ko tafin hannu. Saiwa aka gwada a aikin sabara da na ambata, alhali ganyenta ne ya fi yawo a hannun jama'a. Kanwa ita kanta tana kashe kaifin asid nan take, saboda haka in mutum ya ji sanyi bayan ya sha jiƙon, wa ya san ko aikin itacen ne ko na kanwar?

5.0 RIGAKAFI, SAUƘI DA WARAKA

In muka tattara abin da ya gabata, za mu ga mutum uku kowa da abin da yake nufi. Mai ɗakin gwaji ya auna rigakafi, a jikin ɓera. Majinyaci ya ba da shaidar sauƙi, watau lafawar zafi. Mai lasifika kuwa waraka yake sayarwa. Jimlar nan da ake rufe rahotanni da ita, cewa gwaji ya gaskata amfanin gargajiya, ita ce gadar da ake bi a tsallaka daga na farko zuwa na uku ba tare da an taka ƙasa ba. Na sha jin mai talla yana cewa an gwada maganinsa a jami'a. Magori dama wasa kansa yake yi da kansa, amma yanzu mu ne muke ara masa kirari.

Shaidar sauƙi ita ma tana bukatar taka-tsantsan. Gyambon bakin hanji ciwo ne mai tafiya ya dawo. A gwaje-gwajen da aka yi a asibitocin duniya, fiye da kashi ɗaya cikin uku na majinyatan da aka ba ƙwayar da babu magani a cikinta sun sami cikewar gyambonsu cikin mako huɗu. Ke nan kowane jiƙo, kome rashin amfaninsa, zai sami masu rantsuwa da shi. Haka kuma lambar hukumar NAFDAC da ake nunawa a jikin gora: rajistar farko da hukumar ke yi wa maganin gargajiya ta dogara ne a kan gwajin rashin illa, shi ya sa ake wajabta rubuta cewa hukumar ba ta tantance da'awar warkarwa ba. Mutum nawa ne a kara ke iya karanta wannan ɗan rubutu na Turanci?

6.0 DARASI DAGA WASU WURARE

Kada a fahimce ni cewa itatuwa ba su da abin bayarwa. Tarihi ya nuna suna da shi, ya kuma nuna hanyar da ake bi a karɓa.

A 1946 wani likita a ƙasar Holan mai suna Revers ya lura cewa masu gyambon ciki suna samun lafiya da wani haɗi na saiwar tsiron da Larabawa ke kira sus, Turawa kuma likoris. Daga sinadarin wannan saiwa aka samar da kabenokzolon, wanda Richard Doll da abokansa suka gwada a kan majinyata a Ingila a 1962, suka tabbatar yana gaggauta cikewar gyambon tumbi. Amma binciken mutane ne kuma ya nuna cewa yana tara ruwa da gishiri a jiki, ya kumbura ƙafa, ya hau da jini, abin da ya sa aka ja baya da shi da aka sami simetidin. Amfaninsa da illarsa duk a jikin mutum aka gan su. Haka tanin: an yi shekaru ana shafa shi a ƙunar wuta, sai a shekarun 1940 aka gane yana lalata hanta, kuma an san yana rage shigar sinadarin ƙarfe daga abinci zuwa jini, wanda babbar magana ce ga mai gyambon da ke zubar da jini a ɓoye.

Ƙaron mastika na ƙasar Girka kuwa, a 1998 aka ba da rahoton yana kashe Helicobacter a faifan gwaji, 'yan kasuwa suka yi ta cinikinsa. Da aka ba wasu majinyata a Ingila, a gwajin da aka buga a 2003, ƙwayar cutar tana nan daram.

A gida ma muna da abin koyi. Cibiyar nan ta Abuja ta karɓi wani haɗi daga hannun mai maganin gargajiya, na masoro da kanumfari da karan dafi da wani itace, ta daidaita shi ta kira shi Niprisan, ta gwada shi a kan masu ciwon sikila ta hanyar kwatanta shi da ƙwayar da ba magani a cikinta, aka buga sakamakon a 2001. Abin da aka iya yi wa sikila ana iya yi wa gyambon ciki.

7.0 SHAWARWARI DA KAMMALAWA

Na farko, masu nazarin Hausa su tattara kalmomin ciwon ciki kamar yadda masu magani da majinyata ke furta su a Illela da Ƙonni, da alamomin da ake rarrabe su da su, kafin a fassara ko ɗaya. Wannan aiki namu ne, ɗaliban kwalejojin ilimi ma za su iya shi.

Na biyu, masu gwaji su faɗi abin da suka gani kurum. In kariya ce a ɓera, a ce kariya ce a ɓera. Malamai masu duba kundaye da editocin mujallu su daina barin jimlar gaskata gargajiya tana wucewa ba hujja.

Na uku, maimakon a ƙara itace na ɗari a jerin waɗanda suka ci jarrabawar barasa, a zaɓi biyu ko uku, a gwada su yadda ake shan su, a fara da tabbatar da rashin illa, sa'an nan a kai ga majinyatan da aka leƙa cikinsu aka ga gyambon, aka kuma gwada su game da Helicobacter. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da tsangayar harhaɗa magunguna da asibitin koyarwa, Illela kuwa tafiyar da ba ta kai sa'a biyu ba ce. Mai maganin da ya ba da saninsa a rubuta sunansa da haƙƙinsa.

Na huɗu, wanda ba ya jiran kuɗin bincike, shi ne a zauna da shugabannin masu magani na kasuwa a kan abubuwa biyu. Su riƙa tambayar mai saye ko yana shan ƙwayar ciwon jiki. Su kuma san alamomin da ba a tsayawa jiƙo a kansu: aman jini, baƙin bayan gida, rama ba dalili, wahalar haɗiya, yawan amai, da ciwon da ya fara wa mutum bayan ya manyanta. Mai ɗayan waɗannan asibiti za a tura shi a ranar.

A taƙaice, rubuce-rubucen da muka duba sun tabbatar mana cewa itatuwanmu suna ɗauke da sinadarai masu taɓa tumbi, kuma sun cancanci a bi su. Ba su kai ga nuna cewa suna warkar da gyambon ciki a jikin ɗan Adam ba. Wanda ya ce sun nuna ya zalunci majinyaci, ya kuma zalunci itacen, domin ya hana a yi masa gwajin da zai fito da darajarsa in yana da ita. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan shi ne ɗan abin da ya sawwaƙa. Inda na yi kuskure, ina roƙon malamaina, musamman na fannin likita da harhaɗa magunguna, su gyara mini.